Abin da Korau Ya Ɗaure a Tsakiyar Dami

Akwai wani manomi mai suna Korau, yana zaune a wani ɗan ƙauye da ke gindin dutse. Dutsen nan dogo ne, ya miƙe daga kudu zuwa arewa, ya raba gonakin ƙauyen gida biyu, waɗansu a gabas, waɗansu a yamma. Mutanen ƙauyen rijiya ɗaya suke sha, majami'a ɗaya suke zuwa, amma ruwan sama ba ya sauko musu rana ɗaya.

Ga yadda abin yake. Idan zafin bazara ya kai maƙura, hadarin farko yakan taso daga gabas, ya zo ya jingina da dutsen, ya sauke ruwansa a nan. Mutanen yamma sai dai su ji tsawa, iska ta kawo musu ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wani lokaci kuma ɗan yayyafi ya tsallako wanda bai isa ya jiƙa bayan akuya ba. Sai bayan 'yan makonni, in hadari ya yi ƙarfi, sa'an nan yake haye dutsen. Amma in ya haye, ba ya gaggawar tafiya. A ƙarshen damina, sa'ad da sama ta riga ta washe a gabas, yamma tana nan tana shan ruwa.

Ƙasar ma ba iri ɗaya ba ce. Ta gabas rairayi ce, tana shan ruwa da sauri, tana bushewa da sauri, don haka gero suke shukawa, mai saurin nuna. Ta yamma baƙar laka ce, sai ta ƙoshi da ruwa take yarda a taɓa ta, amma in ta ƙoshi tana riƙe danshi, don haka dawa suke shukawa, mai jinkiri, mai cika rumbu.

Kakannin ƙauyen sun daɗe da gane wannan, suka kuwa kafa al'ada a kai. Ranar da ruwan shuka ya sauka a gabas, mutanen yamma sukan ɗauki sungumi su haye dutse su taya 'yan'uwansu shuka, tun da su ba su da abin yi a gonakinsu. Ranar da ya sauka a yamma, na gabas su zo su rama. In gero ya nuna, a lokacin da rumbunan yamma suka yi ƙasa, yara suka fara lashe tukunya, kowane mai gero yakan ɗaura dami ya kai wa ɗan'uwansa. In dawa ta nuna, mai dawa shi ma ya ɗaura ya kai. Ana kiransa damin zumunci. Kuma doka ce a zaɓi zangarniyoyi mafi kyau a ɗaura, gama wanda aka kai wa ba ya cinyewa duka. Yakan ware waɗansu ya rataye su a rufin ɗakin girki, inda hayaƙi yake korar ƙwari, su zauna nan har shukar baɗi ta wuce. In gobara ta ci rumbun mutum, ko gara ta shiga irinsa, ya san yana da iri a bayan dutse.

Korau yana da ƙane, sunansa Dogara. Sa'ad da mahaifinsu ya rasu ya bar gona biyu, ɗaya a kowane gefe, dattawa suka ce wa Korau, "Kai ne babba, ka fara zaɓa." Korau ya zagaya gonar gabas, ya ga rairayi, ya taɓe baki. Ya zagaya ta yamma, ya ga faɗinta, ya damƙi baƙar ƙasarta a hannu, ya ce wannan yake so. Ku riƙe wannan da kyau, domin shi Korau bai riƙe ba. Ba wanda ya zaɓa masa, da bakinsa ya faɗa, a gaban mutane.

Shekarun farko lafiya lau. Amma sannu a hankali wani abu ya fara cin Korau a rai. Kowace shekara in hadari ya haɗu ya tsaya a kan gonar ƙanensa, sai ransa ya ɓaci. Yakan haye dutse tare da jama'a, yana sara da sungumi a gonar Dogara, ƙasa tana da taushi da sanyi a ƙafarsa, amma fuskarsa a murtuke kamar an aike shi dole. In ya dawo ya ga tasa gonar a bushe, ta tsattsage, sai ya ƙi cin tuwo.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ranar da ake kawo nunan fari a majami'a. Geron gabas ne kullum yake fara shiga, Dogara kuma yakan zo da zangarniyoyi dogaye ya ajiye a gaba, mata su yi guɗa, dattawa su ce, "Madalla da ɗan marigayi." Korau yana zaune a baya, dawarsa ko ciki ba ta yi ba. Sa'ad da tasa za ta nuna, ai an riga an saba da ganin hatsi, ba mai yin guɗa kuma. Ya manta sarai cewa rumbunsa ya ninka na ƙanensa girma. Guɗar nan kaɗai yake ji a kunnensa.

Wata shekara Dogara ya kawo damin gero, ya sauke a tsakar gida, ya durƙusa ya ce, "Yaya, ga ɗan abin da Ubangiji ya bayar. A gasa wa yara tumu."

Korau ya ce, "Ajiye can," bai ko dubi damin ba.

Da Dogara ya tafi, matar Korau, wadda ake kira Tabawa, ta ce, "Maigida, ko sannu ba ka yi masa ba. Da kansa fa ya ɗauko, ya hau dutsen nan da shi."

Ya ce, "Ai dole ya ɗauko da kansa, don kowa ya gan shi a hanya. Yana so a ce shi yake ciyar da wansa."

Ta ce, "To in dawarka ta nuna ba kai kake ciyar da shi ba?"

Ya ce, "Wa yake gani?"

Yara suka gasa tumu suka ci suna murna. Korau ma ya ci, kada ku ce bai ci ba, har ya nemi ƙari. Amma yana taunawa yana jin haushin mai geron.

Da kaka ta yi, dawar Korau ta yi kyau ƙwarai, zangarniya kamar damtsen ƙato. Sai dai a wata kusurwa ta gonar, inda ruwa ya kwanta, akwai waɗansu da suka tsumbure, akwai waɗanda tsuntsaye suka yi wa ɓarna, akwai kuma waɗanda burtuntuna ta kama, wato ciwon nan da yake mai da ƙwayar dawa baƙin gari kamar toka. Kowane manomi ya san ba a haɗa irin wannan da hatsin kirki, gama baƙin garin yana manne wa iri, ya bi shi har gona.

Korau ya zo ɗaura damin zumunci. Ya ɗauki wata zangarniya mai kyau, ya auna nauyinta a hannu, ya tuna da guɗar majami'a, sai ya mayar da ita cikin nasa. Ya tafi kusurwar nan ya tattaro tsumburarru da masu burtuntuna, ya jera su a tsakiya. Sa'an nan ya ɗauko masu kyau 'yan kaɗan, ya lulluɓe bayan damin da su, ya ɗaure tamau. Wanda ya gani daga nesa sai ya ce wannan wa ne mai ƙaunar ƙanensa. Ya ce a ransa, "Shi da ruwa yake fara gaisarwa, me zai yi da dawata mai kyau?" Bai kai da kansa ba, ya ba wani maƙwabci da zai haye dutse ya tafi da shi.

Ya zauna yana jiran Dogara ya zo da ƙorafi, har ya shirya amsar da zai ba shi. Dogara bai zo da ƙorafi ba. Da suka haɗu ran Lahadi, ya gaishe shi ya ce, "Yaya, saƙo ya iso, mun gode. Allah ya ƙara albarka." Wannan godiya ta ƙara wa Korau haushi, domin mai neman faɗa ba abin da yake ɓata masa rai kamar a ƙi tanka masa.

Rani ya wuce, bazara ta zo da zafinta. Wata rana da hantsi hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya zo ya jingina da dutse kamar yadda ya saba. Aka yi ruwa a can mai yawa. Mutanen yamma suka fito da sungumi suna kiran juna. Da suka biyo ta ƙofar Korau suka ce, "Fito mu tafi, ruwa ya sauka wa su Dogara."

Ya ce, "Ku je. Ni bana ina da aiki a tawa gonar."

Suka dubi juna. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Wane aiki, Korau? Gonarka ko fartanya ba ta shiga."

Ya ce, "Binne zan yi."

Binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa a rufe, ya kwanta yana jiran ruwa. Mutanen gabas sukan yi shi wani lokaci da gero, gama rairayi yana da sauƙin kai. Amma ba a taɓa jin wanda ya binne dawa a lakar yamma ba, tun ruwanta yana da sauran makonni. Dattijon ya ce, "Ɗana, wannan ruwan ba naka ba ne. Naka yana hanya, bai taɓa fasa zuwa ba." Korau ya ce shi ma ɗa ne kamar kowa, kuma bana tare za a kawo nunan fari, a ga wanda za a yi wa guɗa. Suka girgiza kai suka wuce.

Ya shiga ya sauke tukunyar iri. Tabawa ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, don Allah in ka ƙi ji, ka bar rabi."

Ya bar rabi, ba don ya ji maganarta ba, don dai ƙarfinsa shi kaɗai bai kai ya sari gonar duka ba. Ya yini yana dukan busasshiyar laka, sungumi yana tsalle, tafin hannunsa ya yi bororo. Daga bayan dutse yana jiyo waƙar masu shuka da dariyarsu.

Bayan 'yan kwanaki aka sake ruwa a gabas, ɗan yayyafi ya tsallako yamma. Yayyafin nan ya isa ya ta da iri daga barci, amma bai isa ya rayar da shi ba. Tsiro ya leƙo, fari-fari, siriri. Korau ya yi ta zagaya gari yana cewa a zo a gani, wa ya ce ba a binne a yamma? Sai rana ta buɗe. Kafin mako ya zagayo tsiron ya kwanta, ya ƙone. Wanda bai tsiro ba kuwa, zabi da kurciyoyi suka tone, tururuwa ta kwashe saura.

Da mai hankali ne, da ya tsaya nan. Amma ya hau kan dutse ya leƙa, ya ga gonar Dogara ta yi kore shar, layi-layi, har an fara noman firi, wato noman farko. Ya sauko idonsa jawur, ya ɗauki ragowar rabin irin ya sake binnewa. Shi ma haka ya tafi. Sa'an nan ya shiga rumbu, wanda dama a irin wannan lokaci ya kusa ƙarewa, ya share 'yar dawar da ta rage ta tuwon yara. Tabawa ta riƙe bakin ƙwaryar tana kuka, ta ce, "Wannan kuma abincinmu ne. Da wa kake tsere? Dogara bai ma san kana gudu ba." Ya fizge ƙwaryar ya fita, ya binne wannan ma.

Sa'an nan ruwan yamma ya zo.

Ya zo a lokacinsa, bai yi gaggawa ba, bai makara ba. Hadari ya haye dutse da safe, ya buɗe, aka yi ta yi har azahar, ruwa mai nauyi wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Laka ta sha ta ƙoshi, tsagogin nan duka suka rufe. Kowa ya fito da tukunyar irinsa, kowa kuma irinsa daidai gonarsa ne. Mutanen gabas suka gangaro daga dutse da sungumi a kafaɗa, suna waƙa.

Korau ya tafi gonarsa ya tsaya a tsakiya. Ya tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, danshi ne har ƙasa. Gona mafi faɗi a yamma, ta jiƙe, ta yi laushi, tana jira, shi kuwa ba shi da ƙwaya ɗaya da zai jefa mata. Abin da ya yi shekaru yana kuka a kansa ya zo, ya same shi hannu wofi. Ya zauna a kan kunyar gona ya rufe fuska, gama ya san in wannan danshi ya wuce, gidansa ba su da abinci baɗi.

Yana nan zaune sai ya ji an ce, "Yaya, sannu da ruwa."

Ya ɗaga kai ya ga Dogara, da sungumi a hannu, da ƙwarya a ka, mutanensa suna biye. Korau ya ce, "Ka zo ka yi dariya ne? Yi, ka huta."

Dogara ya ce, "Shuka na zo yi. Tabawa ta aiko mini da labari. Na sauke abin da na rataye a ɗakin girki, na sussuka, ga shi."

Ya sauke ƙwaryar. A cikinta akwai wani ɗan ƙulli a tsumma, sauran kuwa a zube. Korau ya ɗebi na zuben ya duba. Ƙwayoyi ne ƙanana, motsattsu, da baƙin gari manne a jikinsu. Bai bukaci a faɗa masa daga inda suka fito ba, gama hannunsa ne ya tsince su ɗaya ɗaya.

Dogara ya ce, "Na wanke su da ruwan toka, na shanya, iyakar abin da na iya ke nan. Na ƙullin nan su ne masu kyau, waɗanda suke a bayan damin. Ban bar yara sun taɓa ko ɗaya ba. Amma ba su da yawa, Yaya."

Korau ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ashe ka sani."

Ya ce, "Tun ranar da na kwance."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

Dogara ya ce, "Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Mun sha wuya da rani, har sai da muka koma cin tafasa da rama. Amma na ce in na zubar da su, ran da ka nema fa? Yaya, kana ganin ni ruwa ya fi so. Ka taɓa hawa dutsen nan a ƙarshen damina? Ni nakan hau. Gonata ta bushe, kara ya yi fari, ina kallon hadari yana zuba a kan dawarka. Nakan ce, Ubangiji ka ƙara, gama tuwon 'ya'yana ne yake sauka."

Korau ya tashi ya ɗauki sungumi. Suka shuka na ƙullin a gefen gabas na gonar, bai wuce 'yan layuka ba, sauran gonar duka suka shuka na zuben.

Damina ta yi kyau a shekarar, marka ta yi yadda ake so, ruwan ƙarshe ya daɗe. Gonakin maƙwabta suka cika. Gonar Korau kuwa, duk mai wucewa sai ya tsaya ya duba. 'Yan layukan nan na gefe sun yi tsayi, zangarniya ta sunkuya don nauyi. Sauran gonar, faɗinta duka, kara sirara ne, kawuna ƙanana, in ka girgiza waɗansu sai baƙin gari ya tashi. Damin da ya ɗaure a ɓoye, ga shi an shimfiɗa shi a fili, bayansa da tsakiyarsa, kowa yana karantawa. Geron Dogara ne ya riƙe gidan a shekarar, aka raba shi gida biyu, ba wanda ya ƙoshi.

Da aka yi girbi, Korau ya tara masu burtuntuna ya ƙone. Ya zauna a gaban 'yan zangarniyoyi masu kyau da ya samu, ya ware na iri. Sauran, waɗanda ya fi bukata a duniya, ya jera mafi girma a tsakiya, ya ɗaure. Dami ne ƙarami, yaro ma zai iya ɗauka. Ya ɗora a kansa, ya haye dutse da ƙafarsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattu.

Ƙauyen nan mu ne, jama'ar Ubangiji. Ruwan sama alherin Allah ne, wanda yake saukar wa kowa, amma ba rana ɗaya ba. Wani nasa yakan zo da wuri, wani sai an jima. Wanda ya yi ƙasar ya san wadda za a ba ruwa tun da fari da wadda za a jinkirta wa, ya san abin da kowace za ta iya haifarwa. Da lakar yamma ta sami ruwan gero, da ba ta ba da dawa ba.

Dutsen kuwa shi ne abin da yake tsare mana ido. Kana ganin hadari a kan gidan ɗan'uwanka, ba ka ganin ranar da nasa yake ɗaukewa. Kin ga ƙawarki ta yi aure kafin ke, kin ji guɗa, amma ba ki bi ta ɗaki kin ga abin da take haƙuri da shi ba. Ka ga abokin karatunka ya sami aiki a birni ya dawo da babur, ba ka san mutum nawa suke rataye a wuyansa ba. Mu Korau ne duk lokacin da muka hau dutse a farkon damina kaɗai, muka sauko muna cewa Allah ya yi son kai.

Binnen nan fa? Shi ne yin abu a kan lokacin wani. Iri shi ne abin da Allah ya danƙa maka, ƙarfinka, da kuruciyarka, da mutuncinka, da ɗan abin hannunka. Hassada ba ta iya jira. Ita ce take sa saurayi ya yi auren da bai shirya ba don sa'ansa ya yi. Ita ce take sa mutum ya fara ginin da ya fi ƙarfinsa don maƙwabci ya sa kwano. Na ga wannan da idona, ku ma kun gani, kada ku sunkuyar da kai kamar ba ku san zancen ba. Abin baƙin ciki shi ne ruwanka zai zo. Bai fasa ba, ba a ba wani ba. Amma zai iya zuwa ya tarar ka riga ka zubar da iri a busasshiyar ƙasa saboda kallon gonar wani.

Yanzu ku zo ga damin, gama nan ne maganar take. Korau bai saci kome ba, bai zagi kowa ba, bai ma fasa bayarwa ba. A idon gari ya cika al'ada. Haka hassadar masu zuwa majami'a take, ba ta fitowa tsirara, takan sa rigar Lahadi. Ka ce wa ɗan'uwa "Allah ya sa albarka," a tsakiyar maganar kuwa akwai baƙin gari. A ba 'yar'uwa jagorar waƙa, ki tafa mata da hannu, ki koma gida ki ce ai muryarta ta fara tsufa. A tambaye ka halin wani don za a ba shi wani matsayi, ka yabe shi sama-sama, sa'an nan ka ƙara 'yar kalma ɗaya wadda ka san za ta rushe yabon duka. Ka lulluɓe da kyau, ka ɗaure tamau, ka ce ba wanda ya gani. Ubangiji ya gani. Sau da yawa ɗan'uwan ma ya gani, ya yi shiru ne kawai.

Abin da Korau ya manta, mu ma muke mantawa, shi ne damin zumunci ajiya ce. Abin da ka ba ɗan'uwanka bai bar hannunka ba, yana rataye a rufin ɗakinsa yana jiran ranar da za ka nema. Wanda ka rage wa daraja yau, wataƙila shaidarsa za ka bukata gobe. Wadda kika ƙi yi wa addu'a da zuciya ɗaya, wataƙila ita za ta zauna a bakin gadonki. Za su zo, in masu tsoron Allah ne, za su kawo abin da suke da shi. Amma me ka ajiye a wurinsu?

Kada kuwa wani ya fita daga nan da fid da zuciya. Ku dubi Dogara, wanda aka cuta, ya sani, ya ji zafi, duk da haka ya wanke irin, ya haye dutse da shi ranar ruwa. Wannan ɗan hoto ne na jinƙan Ubangijinmu, wanda yake zuwa gonar mai laifi da sungumi a hannu. Bai hana Korau girbin abin da ya ɗaure ba, amma bai bar shi babu iri ba. 'Yan layukan nan sun isa a sake farawa, ga wanda ya yarda ya ƙone burtuntunarsa.

Saboda haka, in kun ji tsawa a bayan dutse a wannan mako, in labari ya zo cewa ruwa ya sauka wa wani, ku ɗauki sungumi ku je ku taya shi murna da gaske. Naku yana hanya. Kafin ya iso, kowa ya koma gida ya kwance damin da yake shirin kai wa ɗan'uwansa, ya dubi tsakiyarsa da kyau, gama abin da zai shuka ke nan.